Wata Uku a Gungu

Daga Maru aka turo ni koyon koyarwa,
takarda ta ce: ƙasar Yauri, makarantar gungu.
Ni kuwa 'yar Kwatarkwashi ce, 'yar gindin dutse,
ruwan da na sani a guga yake zuwa,
ana ja, yana kukan igiya.

Jirgin Baba Ɗantani ya ɗauke mu a gaɓa,
ni, da buhunan gishiri, da babur kwance,
da akuyar da ta fi ni natsuwa.
Na runtse ido tun tashi har sauka,
na karance duk addu'ar da Inna ta koya mini,
har da ta cin abinci.

Aji biyu ne, rufi ɗaya.
Allo ya sha danshi, alli ba ya kama shi.
Rajista ta ce yara talatin da bakwai,
ranar cirar albasa kuwa, tara.
In na gaishe su, su amsa da Hausa,
su juya su yi dariya da Gunganci,
na san da ni ake,
ban san ko ta ina ba.

Jatau bai iya rubuta bakwai ba,
kullum sai ta ba shi baya.
Amma ce masa karfasa uku, tarwaɗa biyar,
a cire kuɗin jirgi, a cire na Sarkin Ruwa,
kafin in buɗe murfin biro ya gama,
yana kallona da tausayi.

Wata Talata na rubuta da manyan baƙaƙe:
Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye.
Suka maimaita sau uku,
Kwara tana wucewa ta kowace taga.
Sai Gwamma, mai wushirya, ta ɗaga hannu:
"Malama Barira, ku can garinku,
me ya kewaye ku?"

Na buɗe baki zan ce ba komai.
Sai na tuna hanyar da ba ma bi bayan la'asar,
da gonar Baba ta bayan dutse
da ta shekara uku ba ta ga fartanya ba,
da yadda Inna ke ƙirga mu da magariba
kamar kaji.
Na ce, "Dutse ne, Gwamma."
Ta ce, "To, shi ana haye shi da me?"
Aka kaɗa ƙarfen tashi. Na gode wa ƙarfen.

Da dare dorina kan yi gurnani a bayan rairayi,
sauro na karatun da ba ya ƙarewa.
Waya ba ta kamawa sai a kan suri,
nan nake tsayawa da ƙafa ɗaya
in ce wa Inna lafiya lau,
ita ma ta ce mini lafiya lau.

Malamin da zai duba ni ya zo sau ɗaya,
ya tsaya a gaɓa, ya dubi faɗin ruwa,
ya aiko a kai masa littafin darasina.
Ya ba ni maki mai kyau.
Bai ga ranar da bakwan Jatau ta juyo ba,
yaron ya zauna shiru yana kallonta
kamar kifin da bai taɓa kamawa ba.

Ranar tafiya uwar Gwamma ta ƙulle mini banda
a cikin tsohuwar takardar jarrabawa.
Mai ya ratsa har littafina,
ya ɓata shafin da na rubuta ma'anar tsibiri.

Baba Ɗantani ya tura jirgi da gora.
Wannan karon idona a buɗe.
Gungu yana ƙanƙancewa,
rufin kwano, giginya biyu, farar riga tana tsalle,
ni kuwa ina kwarfe ruwa da ƙwarya
kamar yadda Gwamma ta nuna mini:
daga ciki zuwa waje,
ba gaggawa, ba tsayawa.